Tsakanin Bulala da Mari

In ka baro tsakiyar Abuja ka kama hanyar filin jirgin sama, da ka wuce ƙofar birni kaɗan akwai wata unguwa da ake kira Karmajiji. Can aka tattara naƙasassu masu yawa a zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan Babban Birnin Tarayya, lokacin da ake kwashe mabarata daga manyan tituna. Yawancinsu 'yan Arewa ne, kuma ba su zo hannu rabbana ba, da tsarinsu suka zo. Akwai Sarkin Guragu, ana kai masa ƙara, yana sasanta ma'aurata, yana tarbar baƙi. Wannan sarauta ta girmi Abuja da ɗaruruwan shekaru. A Kano da Zariya da Katsina an san Sarkin Makafi, an san Sarkin Kutare, an san Sarkin Bebaye, kowanne da jama'arsa da fadawansa, wani ma da unguwarsa.

Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa inda za ta ajiye makaho ba. Yaro in ya rasa gani akan kai shi gaban malam ya haddace Alƙur'ani da ka, kuma kowane almajiri ya san labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne, kuma har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Kurame su ma suna da harshensu tun kafin a gina musu aji, wato maganar hannu, wadda wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna a Kano ta nazarta, ta fitar da littafi a kanta a 2000. Ba a ce rayuwarsu ta yi daɗi ba, don bara ce aka fi bar musu. Amma dai suna da suna, suna da shugaba, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Akwai yaro ɗaya da ba shi da sarki. Idonsa garau, ƙafarsa lafiya, kunnensa yana ji, amma ba ya zama wuri ɗaya, ko ba ya magana, ko yana cizon hannunsa har jini ya fita, ko yana kifar da kwanon tuwo ba gaira ba dalili. Kalmomin da muka tanadar masa duk na zargi ne: mai ƙiriniya, mai kunnen ƙashi, daƙiƙi, dolo, kangararre. In abin ya yi tsanani sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko a rage murya a ce ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya shi. Maganinsa biyu ne tun da can. Ana farawa da bulala, in ba ta yi ba a koma ga mari, ƙarfen nan da ake ɗaure ƙafafu da shi. Tarihin aikin koyar da masu buƙata ta musamman a Nijeriya, in aka bi shi a tsanake, labari ne na yadda aka daɗe ƙwarai kafin a iso kan wannan yaron.

'Yan mishan ne suka fara buɗe aji. A 1953 ƙungiyar Sudan United Mission ta kafa makarantar yara makafi a Gindiri, cikin jihar Filato ta yau, ita ce ta farko irinta a ƙasar. Can aka fara ɗora yatsun yaran Arewa a kan ɗige-ɗigen rubutun Braille. Cikin ɗalibanta na farko-farko akwai Bitrus Gani, wanda ya je Ingila ya koyo aikin gashin ƙashi, ya dawo ya yi shekaru yana yi wa masu ido aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A ɓangaren kurame kuwa sunan da ba a tsallakewa shi ne Andrew Foster, baƙar fatar Amurka da sanƙarau ya kurmantar yana ɗan shekara 11, ciwon da iyayen Arewa suka san ɓarnarsa duk bazara. Shi ne baƙar fata na farko da ya gama digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet, a 1954. Ya fara da Gana a 1957, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, ya ci gaba da buɗe wasu a ƙasashen Afirka har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Da maganar hannun Amurka ya zo, shi ya sa har gobe abin da ake koyarwa a makarantun kurame ya bambanta da wadda kuramen kasuwar Kurmi suke yi a tsakaninsu. A Legas cocin Katolika ya buɗe makarantar makafi ta Pacelli a 1962.

Malaman wancan zamani a bakin aiki suka koyi aikin, wasu kuma aka tura su waje kwas na 'yan watanni. Iyaye Musulmi da yawa sun ƙi ba da 'ya'yansu, kuma ba a rasa dalili ba, tunda makarantun na kwana ne kuma na coci ne. Wannan ɗari-ɗari ya jawo wa Arewa asarar kusan shekara ashirin.

Shekarun 1970 ne suka mai da abin sana'a mai takarda. An fito daga yaƙin basasa da tarin waɗanda suka naƙasa, kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta karɓe makarantu. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, kuma da aka ce kowa sai tambaya ta taso: har da wa? Amsar ta zo a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta ware sashe na 8 kacokan ga ilimi na musamman. A shekarar nan dai aka buɗe kwalejin horar da malaman wannan fanni a garin Oyo, wadda yanzu ake kira Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman, kuma a shekarar ce Kano ta buɗe makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi. Jami'ar Ibadan ta riga ta fara ba da horo, ta Jos ta biyo baya, daga bisani Jami'ar Bayero ta kafa nata sashen. A wannan sashe na Bayero ne Jibril Isa Diso, makaho ɗan birnin Kano wanda ya yi karatu a Gindiri, ya hau har matsayin farfesa. Duk mai shakkar amfanin waɗancan makarantu na farko, ya dubi wannan tafiya daga Gindiri zuwa kujerar farfesa.

Ana cikin wannan ne aka haifi Abuja. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da dokar da ta kafa sabon babban birni, kwana goma kafin a kashe shi. Wato birnin da wannan sana'a kusan tagwaye ne. Sai dai an ɗauki shekara 15 ana gini kafin Janar Babangida ya tare ranar 12 ga Disambar 1991, kuma da hukumar birnin ta zo kafa makarantunta na musamman, tsohon zubin ta bi: makarantar kurame a Kuje, makarantar yara makafi a Jabi, sai wata a Kuje ta masu naƙasar jiki da ta ƙwaƙwalwa. A Bwari kuma akwai cibiyar koya wa naƙasassu sana'a. Waɗannan makarantu sun yi aiki, sun yaye yaran da da ba don su ba da suna kan titi riƙe da ƙoƙo, kuma malamansu sun cancanci a gaishe su. Amma an raba su ne bisa abin da ido yake gani. Yaron da lalurarsa a halinsa take bayyana, makarantar unguwa za ta ce ya fi ƙarfinta, ta musamman kuma ta ce ba irin nata ba ne. Ga nisa. Uwar da ke zaune a Abaji ko Kwali ko Karshi, sai dai ta miƙa ɗanta makarantar kwana ko ta kulle shi a ɗaki ta tafi nema.

Gwamnati tana da ƙofa ɗaya tilo ga yaro mai wuyar hali, ita ma sai ya yi laifi tukuna. Tun farkon shekarun 1960 akwai gidan horon yara masu laifi a Kakuri ta Kaduna, ƙarƙashin hukumar gidajen yari. Wanda bai kai ga kotu ba, iyaye kan kai shi gidan mari da ƙafarsu, su biya kuɗi, su yi godiya. A ƙarshen Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Watan da ya biyo baya aka fasa wani a Daura, aka bi da wasu garuruwan. Ƙasa ta ɗauki salati. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyayen da suka taru a ƙofa suna roƙon kada a rufe. An zage su da yawa a lokacin, amma ban ga mugunta a fuskokinsu ba. Mutane ne da suka ƙwanƙwasa kowace ƙofa aka ce musu babu, sai mai mari kaɗai ya ce kawo shi.

Alhali kuwa ilimin da zai hana a kai ga haka ya daɗe da samuwa. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana lalurar da kafofin labaran Hausa suke kira galahanga a yau, ko da yake a bakin mutane kalmar takan haɗa lalurori daban-daban da bai kamata a cuɗa su ba. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa suka nuna cewa yaron da ke yi wa kansa rauni ba haka kawai yake yi ba, akwai abin da halin yake samo masa, kuma ana iya gano shi ta hanyar lura da gwaji. Abubuwan ba su da yawa: ko yana neman a kula shi, ko yana gudun wani aiki ko wata hayaniya, ko yana son wani abu a hannunsa, ko jikinsa ne yake jin sauƙi da hakan. A 1985 Edward Carr da Mark Durand suka ɗora da cewa in ka koya wa yaro wata hanya mai sauƙi ta faɗin abin da yake so, ko da nuni ne ko hoto, mugun halin kan ragu, don ya rasa amfaninsa. Amurka ta yi dokar ba kowane yaro mai naƙasa ilimi a 1975, ta shigar da irin wannan bincike na hali cikin dokar a 1997. Ingila ta yi rahoton Warnock a 1978, wanda ya karkatar da hankali daga sunan ciwo zuwa buƙatar yaro. A 1994 gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanca ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro. Gaskiya ne wasu da suka tashi da galahanga, da suka girma, sun koka da yadda aka yi amfani da waɗannan dabaru wajen tilasta musu su zama kamar kowa, kuma kukansu abin saurare ne. Dabarar tana da kyau ne muddin manufarta a ji yaron, ba a lanƙwasa shi ba.

Na ga wannan ilimi yana aiki da idona, a wata firamaren gwamnati da ke bayan garin Abuja, a aji uku mai yara fiye da sittin. Akwai wani yaro ɗan kimanin shekara takwas, maganarsa ba ta wuce kalma ɗaya-ɗaya ba. Kullum in an dawo daga tara sai ya kifar da benci, ya gartsa wa hannunsa cizo, ya kai wa na kusa da shi duka. Kullum kuma hukuncin ɗaya ne, a zane shi a kora shi waje. An riga an kira uwarsa sau uku. Sai aka kawo wata malama da ta karanci ilimi na musamman, ko da yake lissafi da Turanci aka ba ta kamar kowa. Ta ɗauki littafin rubutu mai shafi arba'in ta ja layi biyu, shafi ya rabu gida uku. A gida na farko ta rubuta "kafin", na biyu "abin da ya yi", na uku "bayan". Mako biyu tana cikawa ba ta ce komai ba. Da ta zauna ta karanta, abin ya fito fili kamar rana. A daidai wannan lokaci ake tayar da injin niƙa a bayan katanga, kusa da tagar da yaron yake zaune, kuma a lokacin ne ake sa yara kwafar allo guda cur. Da an kore shi, sai ya tafi gindin dogonyaro ya zauna shiru. Ashe korar ita yake nema, kuma shekara guda ana biyansa da ita, bulalar kuwa ya ɗauke ta kuɗin shiga.

Ta matsar da shi nesa da taga. Ta rage masa kwafa zuwa layi uku. Ta yanki kwalin sukari ta zana bishiya a kai, ta koya masa cewa in ya miƙo mata wannan kwali zai fita na minti biyar ba tare da ya ciji kowa ba. Makon farko abin ƙaruwa ya yi, don yana gwada tsohuwar hanyarsa da ƙarfi ya ga ko za ta buɗe, har sauran malamai suka fara cewa ai ga shi nan, sangarta shi take yi. Ta daure. A mako na uku ya miƙo kwalin da kansa.

Ina wurin ranar da uwar ta zo.

"Hajiya, ɗanki ba mugu ba ne," in ji malamar. "Magana yake yi mana tuntuni, mu ne ba mu iya jin yarensa ba."

Uwar ta daɗe tana juya kwalin a hannunta. "To Malama, ni ya zan yi da kakarsa? Ta dage iska ce, ta ce a kai shi wurin mai magani."

"A yi ta yi masa addu'a, Hajiya, mu ma muna yi. Amma don Allah kada a ɗaure shi, kada a rufe shi da hayaƙi. Ki kai shi asibiti a duba kunnensa da haƙoransa, sau da yawa ciwo ne yaro ba ya iya faɗi. Ki yanka irin wannan kwalin a gida, ɗaya na ruwa, ɗaya na abinci, ɗaya na bayi."

Irin wannan malama ce Abuja take nema ruwa a jallo yanzu, amma ba a inda na same ta ba. Tun daga shekarun 2000 cibiyoyi masu zaman kansu suka fara yawaita a birnin, irin su Zamarr, da dama daga cikinsu iyaye mata ne suka kafa bayan sun sha wuyar nema wa nasu 'ya'yan wuri. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa galahanga tun 2008, ta zama ranar tattaki da jawabai a birnin. Da haka sababbin ayyuka suka ɓullo waɗanda kakanninmu ba su san sunansu ba. Akwai mai gyaran magana, akwai mai koya wa yaro amfani da hannu da jiki wajen cin abinci da sa tufafi da riƙe fensir, akwai mai auna ji, waɗanda duk hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da lafiya, da aka kafa a 1988, take ba su lasisi tare da masu gashin ƙashi. Akwai masanin halayyar yara, akwai mai fassarar maganar hannu. Sai malamar rakiya, wadda a makarantun kuɗi ake kira shado, mai zama gefen yaro ɗaya daga safe har tashi, kuma iyaye ne ke biyanta bayan kuɗin makaranta. A nan akwai gyara, domin kasuwar ta buɗe, har wanda ya yi kwas na mako biyu a intanet yana kiran kansa ƙwararre. Hanya mai tushe ita ce takardar NCE ko digiri a fannin, daga Oyo ko Jos ko Ibadan ko Bayero, da rajistar hukumar malamai ta ƙasa, sannan a zauna ƙarƙashin wanda ya daɗe a aikin. Wannan na ƙarshe babu abin da ke maye gurbinsa. Kuma har yau masu jin Hausa a wannan fage ba su da yawa, ballantana Gbagyi, alhali yaron da ke fama da kalmarsa ta farko ya fi buƙatar a nemo ta da harshen da ake yi masa rarrashi a gida.

Dokoki kam Abuja ba ta rasa su ba, a nan ake rubuta su. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta fara aiki a birnin kai tsaye, tun jihohi suna ta muhawara a kanta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2010, ta fitar da manufa ta musamman kan iliminsu a 2015. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma tanadi cewa kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a kan iliminsu. A 2020 aka kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa, James Lalu ya zama babban sakatarenta na farko. A farkon 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958. Wancan tanadi na ma'aikaci ɗaya a kowace makaranta shi ne mafi girman alkawarin da aka taɓa yi wa wannan sana'a, domin da an cika shi da dubban matasa sun samu aiki, da kuma kowace uwa ta san wanda za ta nema in ta shiga ƙofar makaranta. Amma firamaren birnin a hannun ƙananan hukumomi shida take, su ne masu biyan albashi, kuma a 2025 malamansu sun yi yajin aiki daga Maris har Yuli a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

A cikin wannan yajin ne wata cibiya mai zaman kanta ta ɗauke malamar nan. Ban ga laifinta ba, tana da 'ya'ya uku da kuɗin haya a kanta. Yanzu kullum tana shiga mota biyu zuwa Maitama, ta wuni gefen yaro ɗaya. Kafin ta tafi ta bi sawu har gidan Hajiya ta damƙa mata littafin nan mai gida uku, ta ce ta nuna wa duk malamin da aka kawo. Da aka koma makaranta na leƙa ajin. An mayar da yaron kusa da taga saboda an yi sabon jerin benci, injin niƙa yana ta ruri a bayan katanga. Yana tsaye gaban sabon malamin, ya miƙa kwalin sukarin da ya yi laushi don riƙo, malamin yana duban zanen bishiyar yana tambayar 'yan aji ko mene ne wannan.